Sawun Akwatin Inna

Ranar Talata da safe mai jinya ta tura ƙofa da kwanon ruwan ɗumi a hannu, ta tarar babu kowa a gadon Inna. Sandarta na jingine a bango, tabarau na kan matashi, ƙofar gida a buɗe, ga ɗigon jini a bakin get. Tsohuwar da ba ta kai ƙarshen layi sai an riƙe mata hannu ta ɓace ɓat. Kafin rana ta take tsaka unguwa ta gama shari'a a cikin waya, kafin yamma 'yan sanda suka tafi da mai jinyar.

Ƙanin Inna bai samu labari ba sai ranar Alhamis, domin inda ya yi ritaya, can gefen daji, waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Rayuwarsa duka a aikin gandun daji ya yi ta, yana bin sawun ɓarayin shanu da mafarauta da yaran da suka ɓata. 'Ya'yan Inna Kawu suke ce masa, sauran mutane kuma Mai Sawu.

Surukin Inna ne ya ɗauko shi daga tasha ranar Juma'a da safe, mijin autarta, wanda kowa ke kira Direba. Motar rabon ƙwai yake ja, cikinta sai warin kaji.

"Kawu, ka yi haƙuri da motar."

"Ni da na hau bayan tarakta? Wannan ai jirgin sama ne." Kawu ya kaɗe gashin kaza daga rigarsa. "Ka ci abinci kuwa? Ka koma rabi."

"Babu asibitin da ban shiga ba," in ji Direba, idanunsa jawur. "Inna ce ta tsaya min lokacin da ba ni da ko taya."



*

Rabin unguwa ya riga ya tattake tsakar gidan. Kawu ya tsaya yana kallon ƙasa kamar mai kallon gonar da awaki suka kwana a ciki. Sai a jikin katanga, tsakanin tukwanen fure, inda mutane ba su bi ba, ya samu abin da yake nema: silifa ƙarami, dama ta taka sosai, hagu ta ɗan ja ƙasa. Ya durƙusa a kan gwiwarsa mai ciwo. Wannan sawun shi ya fara bi a duniya, tun yana tsirara, ita kuma tana juyowa tana cewa ya koma gida, ya cika naci.

Da ƙafarta ta fito. Babu wanda ya ja ta, babu wanda ya tura ta. Ta nufi get, inda tayoyin motar ƙwai suka yi gurbi saboda a nan Direba ke ajiye ta kullum. Sawun bai dawo ba.

Ta bayan gida kuma, ƙarƙashin tagar ɗakinta, akwai takalmin namiji, babba, wanda ya daɗe a tsaye har ƙasa ta lotsa.

"Baba, ƙasa kake karantawa? An wuce wannan zamanin."

Wani mai ƙiba ne a kan benci, da wayoyi biyu a hannu. Mai gyaran waya ne na bakin layi, ana ce masa Injiniya. Shi ya buɗe rukunin neman Inna a waya, yanzu mutanen ciki sun fi na kasuwa.

"To, karanta min na zamani," in ji Kawu.

Injiniya ya gyara zama. Ya ce ai Kawu ya san an dasa wa Inna batir a ƙirji, mai taya zuciyarta bugawa. To, akwai wani ɗan akwati a gefen gadonta. Duk lokacin da take kusa da shi, akwatin zai saurari batirin ya aika wa asibiti labari.

"Saƙon ƙarshe, Talata da asuba. Ke nan a lokacin zuciyar ta tsaya. Wa ke gidan? Nas kaɗai, mai jinyarta. Lissafi ne, Baba, ba tsafi ba."

"An ce min akwai wani saƙon."

"Na jiya da rana? Shi ya sa 'yan sanda suka hargitsa gidan nan, har silin da tankin ruwa, ko ɓera ba su gani ba. Ko dai na'ura ta yi kuskure, ko abokan Nas sun wuce da gawar ta bayan katanga. Batir ne fa. Ko a jikin gawa bugawa yake. Na yi bayani a rukuni, kowa ya gamsu."

"Ka taɓa ganin batirin?"

"Na kalli bidiyo."

Auta ta fito daga cikin gida, ta faɗa jikin Kawu. Ya ji ƙasusuwan bayanta ta cikin mayafi.

*

A ofishin 'yan sanda Sajan ya ba shi kujera da mintuna kaɗan. Mai jinyar, wadda unguwa ke kira Nas duk da ba ta taɓa aiki a asibiti ba, tana zaune a ƙasa da kayan da aka kama ta da su.

"Baba, ka gaya musu. Ni na yi mata wanka, ni na yanke mata farce. Da zan cuce ta ai da tuni."

"Ina kike da asubar?"

"A falo, inda nake kwana. Mura nake yi, na sha magani mai sa barci. Na faɗa musu, suka ce na shirya ne."

"Ba ki ji komai ba?"

"Na ji motar Direba ta tashi, kamar kullum. Wannan ai ba jin wani abu ba ne." Ta share hanci da gefen zani. "An jefi ƙofar ɗakina da dutse, Baba. Yarana sun daina zuwa makaranta. An saka hotona a waya an rubuta makashiya."

Kawu ya tambaye ta akwatin.

"Wannan? Inna ba ta bari a taɓa shi. Mijina na biyu take ce masa, wai shi kaɗai ne ke sauraron zuciyarta ba ya gardama. Ko shara nake, zagaye shi nake yi da tsumma. Tun ranar da aka ajiye shi bai motsa ba."

"Wa ya ɓata mata rai kwanan nan?"

Nas ta dubi Sajan, ta sauke murya.

"Babban ɗanta. Litinin da rana ya zo, ya ce ta tattara ta koma gidansa, ta ce gawarta kaɗai za ta bar gidan nan. Ya ce ko ta ƙi ko ta so sai ya ɗauke ta. Har maƙwabta sun ji."

*

Babba yana ofishinsa na sayar da kayan gini, waya a kife a kan tebur, tana ta ƙugi. Kawu bai zauna ba. Ƙafafunsa ya duba.

"Me ka je yi ƙarƙashin tagar uwarka?"

Babba mutum ne mai faɗi da babbar murya, amma abin da ya fito siriri ne.

"Litinin da yamma na koma. Haƙuri na je ba ta. Na tsaya a taga ina jin ta tana waƙar nan tata ta wanke-wanke. Na ce in na shiga yanzu faɗan zai tashi sabo, bari sai gobe." Ya dafe goshi. "Na ce sai gobe, Kawu."

"Talata da asuba fa?"

"Ina hanya da motar siminti, ni da leburori. Sajan ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya."

Kawu ya riga ya sani. Raɓa ta sauka a kan sawun taga bayan an yi shi, sawun Inna kuma a kan raɓar aka taka.

"Wa ya ba mai gyaran waya takardar asibiti mai saƙon akwatin?"

Babba ya sunkuyar da kai.

"Ni. Na ɗauki hotonta na tura. Na ce idanu da yawa sun fi ido ɗaya."

"Sun nemi uwarka da idanun?"

"Laraba da safe aka daina fita nema. Kowa ya ce gawa ake nema yanzu, aikin 'yan sanda ne."

*

A asibiti aka yi ta tura shi daga wannan ƙofa zuwa waccan, har ya isa wani ɗan ɗaki mai sanyi inda wata mata da farin tabarau ke zaune gaban kwamfuta. Ita ke lura da masu batirin zuciya. Da ya faɗi wanda yake, ta miƙe ta ba shi kujerarta.

"'Yata, ni ɗan daji ne. Yi min bayani kamar kina yi wa akuya."

Ta ɗan yi murmushi.

"Baba, akwatin nan ba ya sanin mutuwa. Kusanci kawai ya sani. In tana kusa, kamar daga nan zuwa ƙofar can, ko da bango a tsakani, zai ji ta. In ta yi nisa, shiru. Shirun Talata ba ya nufin zuciya ta tsaya. Yana nufin ta bar ɗakin."

"An ce ko a jikin gawa batirin na bugawa."

"Gaskiya ne. Amma yana rarrabe bugun da shi ya yi da wanda zuciya ta yi da kanta." Ta juyo masa da fuskar kwamfutar, layuka ne masu hawa da sauka. "Wannan na jiya ne da rana. Ka ga waɗannan? Nata ne. Da rauni, da sauri, irin na mai jin ƙishirwa. Amma nata ne."

Kawu ya riƙe gefen tebur.

"Jiya da rana yayata na da rai."

"Na kira 'yan sanda nan take. Sun bincika gidan, suka ce min na'urata ta rikice. Na rubuta a rukunin nan nasu ma, wani ya ce asibiti na kare kansa ne, aka cire ni." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ni ma na rasa yadda aka yi. Jiya da rana ta kusanci akwatin, na ɗan lokaci kaɗan. Ta yaya mace a wannan hali za ta zo gida ta koma ba a gan ta ba?"

"Akwatin yana faɗin inda yake?"

"A'a. Ai a gefen gado yake."

Kawu ya miƙe da saurin da gwiwarsa ta manta da shi.

*

Ɗakin Inna na warin man zafi da sabulu. 'Yan sanda sun ɗaga katifa, sun zazzage durowa, amma ɗan teburin gefen gado ba su kula shi ba. Akwatin na kai, fari, bai fi tafin hannu biyu ba, fitilarsa ja.

Kawu ya rufe labule ya bar tsaga ɗaya, yadda haske zai kwanta a kan teburin ta gefe, kamar yadda yake jiran rana ta karkata kafin ya karanta busasshiyar ƙasa. Sai ga shi. A gefen akwatin akwai shatar wani murabba'i, gurbin da tsumman Nas ya daɗe yana zagayewa. Akwatin ba ya cikin gurbinsa. An ɗauke shi, an dawo da shi, an ajiye a karkace.

Ya ɗaga shi a hankali ya kifa. A jikin robar ƙafarsa wani ɗan abu fari ya maƙale, mara nauyi, yana rawa da numfashinsa. Irinsa ya kaɗe daga rigarsa da safe.

Ya daɗe yana kallonsa fiye da yadda ya kamata ga mai sauri. Sannan ya kira Sajan.

*

Kafin la'asar falon Inna ya cika. Sajan ya zo da Nas, da ankwa a hannunta. Babba ya tsaya a jikin ƙofa. Auta na kan kujera, Direba a kusa da ita. Injiniya ba a gayyace shi ba, amma ya samu wuri.

"Baba, in taron addu'a ne a faɗa mana," in ji Sajan. "Ina da aiki."

Kawu ya ajiye akwatin a kan tebur.

"Tambaya ɗaya ce. Tun jiya kuna tambayar ina Inna take lokacin da akwati ya ji ta. Ni akwatin nake tambaya. Ina yake jiya da rana?"

"A gefen gado mana," in ji Injiniya.

"Kai ka ajiye shi?"

"Ni na ɗauke shi, Kawu."

Auta ce. Ta dubi fuskokin da suka juyo kanta, ba ta gane abin da ta faɗa ba.

"Jiya aka ɗauke wuta tun safe. Injiniya ya taɓa cewa in akwatin ya mutu duk abin da ke ciki zai goge. Na ga fitilar tana ƙiftawa, hankalina ya tashi. Na ce wa Baban yara mu jona shi a cajar mota, mu kai asibiti su kwashe abin da ke ciki. Da muka je, matar da ke bakin ƙofa ta ce ba a buƙata, mu mayar. Muka mayar."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" Sajan ya tambaya.

"Wa ya tambaye ni? Tun Laraba na kashe waya, na gaji da ganin ana raba gawar uwata. Da kuka zo bincike cewa kuka yi mu fita waje."

Kawu ya matso kusa da ita, ya tausasa murya.

"Auta, akwatin na kan cinyarki har asibiti?"

"Na ajiye shi a ƙasa sau ɗaya, da na gyara mayafi."

"Fitilar ta canza?"

Ta yi tunani.

"Ta koma kore, na ɗan lokaci. Na ɗauka caji ne ya kama."

"Kuna tafiya a lokacin, ko kuna tsaye?"

"Muna tsaye. A bakin sitonsa, inda yake tara kiret ɗin ƙwai, bayan masu walda. Ya ce zai ɗauko wani abu." Ta juya ga mijinta. "Amma ba ka fita ba. Ka riƙe sitiyari kana kallon ƙofar, sannan ka ja mota. Na ce maka lafiya, ka ce ka manta makulli."

 Wayar Injiniya ta yi ƙara, ya danne ta a cinya.

Kawu ya miƙa wa Direba hannu, tafin a sama.

"Makullin."

Direba ya dubi hannun. 

"Fitilar baya ta mutu tun watan jiya. Ina ta cewa zan gyara. Ban gan ta ba, Kawu. Ta fito ne ta miƙo min hular sanyi da na bari a falo, tana hannunta. Na ji motar ta taka abu. Na ɗauke ta, wallahi asibiti na nufa. A hanya na kira ta, shiru. Na taɓa ta, sanyi. Na sa kunne ban ji numfashi ba. Na ce da wane baki zan gaya wa Auta? Na ce bari in kwantar da ita a sito, in samu kalmar da zan faɗa, in dawo. Kafin in dawo an riga an rubuta a waya cewa zuciyarta ta tsaya da asuba. Na'ura ta nuna, aka ce. Aka ce Nas ce."

"Ka bar ni a can," in ji Nas, ba da ƙarfi ba. "Ni da nake ajiye maka ruwan zafi."

"Jiya da aka ce akwatin ya sake jin ta fa?" Babba ya tako daga ƙofa, Sajan ya tare shi da hannu. "Ba ka je ka duba ba?"

"An ce batir ne. An ce ko a gawa yana bugawa." Direba ya juya ga Injiniya kamar mai neman a cece shi. "Kai ka ce. Ka ce ka tabbata."

Injiniya ya tura wayoyinsa cikin aljihu.

"Jiya da rana zuciyarta ce ke bugawa da kanta," in ji Kawu. "Makullin, ɗana. Sauran maganar ta jira."

Makullin na aljihun rigar Direba. Can yake tun ranar Talata. Sajan ya karɓe shi.

*

Sajan ne ya ja motar ƙwai, domin ita ce a bakin get. Babba da Direba da Nas suka shiga baya. Auta ta ƙi a bar ta a gida. Ta zauna a gaba da akwatin a cinya, a jone da caja, ta riƙe shi da hannu biyu. Kawu na gefenta yana kiran matar asibiti, ya ce ta zauna gaban kwamfutarta kada ta tashi.

Layin sitocin na bayan rumfunan walda. Ƙarar injin da dukan ƙarfe sun cika wurin, ko namiji mai lafiya ya yi ihu a nan ba za a ji ba. Motar na tsayawa a jikin bango fitilar ta koma kore.

"Tana nan," in ji Auta. "Kawu, ka gani, tana nan. Inna!"

Kawu ya sa wayar a kunne. Ya ji matar tana danna abubuwa, ya ji ta daina.

"Baba," ta ce. "Saƙo ya shigo."

"Ina jin ki."

"Batirin ne kaɗai."

"Tun yaushe?"



"Yau da hantsi."

Da hantsi yana durƙushe a tsakar gida yana kallon silifa. Ya kashe wayar, ya ce wa Babba ya riƙe ƙanwarsa, ya karɓi makullin daga hannun Sajan.

Ciki da duhu da zafi, kiret a jere har rufi. Ya tsaya a bakin ƙofa har idonsa ya saba, domin ba ya shiga wuri sai ya karanta ƙasarsa. A can ƙurya akwai buhunan da aka shimfiɗa, inda aka kwantar da ita. Ba ta wurin.

Ƙurar simintin ta riƙe komai. Ga inda ta tashi zaune. Ga inda ta gwada miƙewa, ta faɗi. Daga nan gwiwa da tafin hannu ne, hagu na jan ƙasa. Ta je ƙofa, akwai shatar yatsu a ƙasan ƙarfen. Ta dawo. Sannan sawun ya juya ya nufi bangon da ke kallon titi, daidai inda mota ke tsayawa. Ta san ƙarar motar nan, kullum ita ke tashin ta.

A nan take, a jingine da bango, ta gyara ɗankwalinta, ta lulluɓe ƙafafunta da buhu. Hular sanyin na kan cinyarta, a ninke.

Kawu ya durƙusa. Hannunta bai gama sandarewa ba.

"Yaya," ya ce. "Na biyo ki. Na makara."

Ya rufe mata ido, ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe ta.

Da ya fito, masu walda sun kashe injin, mutane sun fara taruwa, wasu sun ɗaga wayoyi. Sajan na kwance ankwa daga hannun Nas. Ba ta jira an ba ta haƙuri ba, ta wuce ciki, ta ce ba za a ɗaga Inna ba sai ta gyara mata zani. Direba na zaune a ƙasa a jikin taya, babu wanda ya riƙe shi, babu inda zai je. Injiniya na can baya, wayoyinsa biyu a aljihu suna ta ƙugi.

Auta ta ƙwace daga hannun yayanta ta tsaya gaban Kawu.

"A ina ka same ta?"

Ya so ya ce a kan buhuna, ya so ya ce barci ya ɗauke ta tun ranar farko. Amma Sajan zai shiga, likita zai duba, gobe kuma wani zai tura wa duniya. Gara ta ji daga bakin da ya san uwarta.

"A jikin bangon nan."

Auta ta dubi bangon, ta dubi motar, ta dubi ɗan ratar da ke tsakaninsu, wanda bai kai tsawon tabarma ba.

"Nan muka tsaya jiya," ta ce. "Ta wannan gefen nake zaune."

"Na sani."

"Ta ji mu?"

"Ta ji motar. Ta matso kusa da ke iyakar ƙarfinta."

Auta ta koma cikin motar ta zauna a kujerar jiya. Akwatin na nan inda ta bar shi, fitilarsa kore, yana ta sauraro. Kawu ya miƙa hannu zai zare cajar, ta riƙe masa wuyan hannu.

"Bar shi, Kawu," ta ce. "Bar shi har su fito da ita."